Sai Ya Bi Ta Bakina

Azumin shekarar korona cikin bazara ya zo. A ƙauyenmu da ke bayan Toranke zafi ya kwantar da tsofaffi, tari ya bi su har kan tabarma. Inna Kulu na cikin waɗanda suka kwanta. Tarinta daga can ƙasan ƙirji yake tasowa, kamar ana jan guga a rijiyar da ta kusa ƙafewa.

Ɗa ɗaya ya rage mata a gida, Maikuɗi, mai sarin gyaɗa da wake a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Gaya a kan babur. Saboda haka jinya ta faɗa kan matarsa, Bara'atu. Ita ke tayar da tsohuwar zaune, ita ke tara mata gwangwanin kaki, ita ke goge mata baki da gefen zane. Ɗakin ba taga. Abin da Inna Kulu ta fitar, shi Bara'atu ke shaƙa.

Ranar da tarin ya tsananta, Maikuɗi yana kasuwar Kademi. Baffa Kabo, ƙanin mahaifinsa, shi ya aika aka kira malamin asibitin garin, Badruddeen, shi kuma ya shigo da shi har ɗaki. Badruddeen ya duba tsohuwar, ya ba da magani. Da zai fita ya zaro wani kwali daga jakarsa ya miƙa wa Bara'atu.

"Takunkumi ne. Ke ce mai jinya, ke na ba. Duk sanda za ki shiga ɗakin nan ki sa ɗaya, shuɗin a waje. Ki matse ɗan ƙarfen nan a kan hanci, kamar haka." Ya nuna a nasa hancin. "Kada ki riƙa taɓa gabansa. In ya jiƙe ki cire ta igiya, ki ƙona, ki wanke hannu da sabulu. Ba a wanke shi, ba a aronsa, ba a maimaita shi."

"To," in ji Bara'atu. Ba ta ɗago ido ba.

Iyakar abin da ya faru ke nan.

Bayan shan ruwa Maikuɗi ya shiga gaida mahaifiyarsa da kofin kunu a hannu. Inna Kulu ta ɗan ji sauƙi, bakinta ya buɗe.

"Yaron nan na gidan Gana akwai kirki. Kwali guda ya ba matarka. Har ya koya mata matse hanci."

Maikuɗi ya ajiye kofin.

"Hancin wa?"

"Me?"

"Na ce hancin wa aka matse, Inna?"

"Nasa mana. Kai ma dai."

Kowa a garin ya san Badruddeen ya taɓa zuwa zance wurin Bara'atu kafin ya tafi makarantar koyon aikin lafiya. Maganar ba ta je ko'ina ba. Mutane sun manta. Maikuɗi bai manta ba.

Ya same ta a bakin murhu.

"Kawo."

Ta kawo kwalin. Ya juya shi gaba da baya, ya kai hanci ya shinshina.

"A hannu ya ba ki?"

"A gaban Baffa ne, Malam."

"Ban tambaye ki gaban wa ba. A hannu?"

"A hannu."

"Baffa na tsaye da gemunsa aka tsallake shi. Gidan ba maza ke nan."

"Ya ce don ni ke jinya."

"Ya ce." Maikuɗi ya gyaɗa kai a hankali. "Har an fara kawo min 'ya ce' cikin gida."

Ya kalli wutar murhu, ya kalli kwalin. Da zai bi zuciyarsa da ya jefa. Amma a hanyar Gaya an kafa shinge, ba a barin mutum ya wuce da fuska a buɗe. Kuma uwarsa ce a kwance, ba ya so a ce shi ya ƙona kayan asibiti.

"Ba zan hana ki ba, kada a ce na hana," ya ce. "Amma abin da ya fito daga hannun wani ƙato ba zai taɓa bakin matata ba sai ya bi ta bakina. Ni zan fara sawa. In na dawo da yamma in ba ki."

"Ba a maimaitawa, Malam."

"Wa ya ce?"

Ya kai kwalin ɗakinsa, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Daga ranar takunkumi ya samu hanyarsa. Da safe Maikuɗi zai zari sabo ya kafa a fuska, ya tayar da babur. Da ya wuce shinge sai ya sauke shi ƙarƙashin haɓa, inda gumi ke taruwa. Mai azumi ba ya rabuwa da tofar da yawu: ya ja sama in ya hango masu tsaro, ya ja ƙasa ya tofar, ya mayar. Ya dama hannu a buhun gyaɗa, ya ja. Ya gaisa da rabin kasuwa, ya ja. In zai yi alwala ya rataye shi a madubin babur, ko ya cusa a aljihu tare da makulli da ƙwayar wake. Da la'asar sakaliya ya dawo gida, ya cire daga wuyansa da ɗuminsa, ya miƙa mata. Shi za ta sa ta shiga ɗakin Inna Kulu da shi, har zuwa wata la'asar ɗin.

Ranar farko Bara'atu ta kai shi fuska, ta kau da kai.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Faɗi."

"Ya jiƙe, Malam. Kuma da ɗan wari."

Bai yi fushi ba. Dariya ma ya yi.

"Ke ba ki je islamiyya ba? Warin bakin mai azumi ya fi almiski a wurin Allah. Allah bai ƙi ba, sai ke?"

Ya tsaya a kanta har ta maƙala igiyoyin a kunne. Shi da kansa ya sa yatsu biyu ya matse mata ƙarfen hancin, da ƙarfi, har idonta ya kawo ruwa.

"Haka aka koya miki, ko?"

Washegari da ya fita ta wanke abin da omo ta shanya a kan zana. Ya bushe ya yi laushi, ya tashi gashi-gashi, igiya ɗaya ta tsinke, ta ƙulla. Ranar bai daɗe a kasuwa ba. Yana shigowa idonsa ya sauka a kan zana.

"Ni aka wanke?"

"Datti na wanke."

"Ni ne dattin."

"Ban ce ba."

"Da daga hannunsa ya zo miki kai tsaye, da kin wanke?"

Tambayoyin Maikuɗi duk irin wannan ne, rami gaba, rami baya. Ba ta ƙara wankewa ba.

Ta gwada wata dabarar. In ya fita sai ta ajiye nasa a ƙarƙashin filo, ta ninke tsohon ɗankwali ta ɗaure hanci da baki. Inna Kulu ba don mugunta ba, don dai bakinta ba ya riƙe magana, ta ce wa ɗanta matarsa ta iya ɗinkin kanta, ta ajiye na Bature. Maikuɗi ya ajiye maganar a ransa. Da safe aka ga ɗankwalin a bakin murhu, rabinsa toka.

Bara'atu ta kai kuka inda take tsammanin za a ji. Tana shafa wa tsohuwar man zafi a baya ta ce, "Inna, ki yi masa magana. Sababbi na nan a akwati. Ɗaya kawai a rana."

"'Yar nan, ki gode Allah. Wata mijinta ko kallonta ba ya yi. Ubansa ma haka yake, Allah ya ji ƙansa. Mai tallan gishiri in ya yi sallama shi ke fita, wai kada a ji muryata. Ga ni, ban mutu ba."

Tari ya sarƙe ta. Bara'atu ta tallabo kanta ta kara mata gwangwani, fuska da fuska, jiƙaƙƙen takunkumin yana manne mata a leɓe.

Ba za a ce Maikuɗi ba ya son matarsa ba. Kullum da leda yake dawowa: mangwaro, kankana, wata rana tsire. Atamfar Sallarta tun farkon azumi ya kai wa tela, kuma tela mace ya nema har Ajingi. In tana shan mangwaro sai ya zauna yana kallonta, irin kallon da manomi ke yi wa gero in ya kusa nuna, ido ɗaya a kan zangarniya, ɗaya a kan tsuntsaye.

Wata yamma ta karɓi takunkumin ta juya cikinsa. Gashi ne maƙale a ɗinkin, gajere, murɗaɗɗe, fari fat. Gemun Maikuɗi baƙi ne wuluk.

"Malam, wannan fa?"

Ya leƙa.

"Au. Wani dattijo ne a shingen Gaya. An hana shi wucewa, ba shi da shi, ga shi zai je kemis neman maganin tari. Na ara masa ya tsallaka, ya miƙo min. Watan lada ne."

"Ya sa a bakinsa."

"To a ƙafa zai sa?"

"Ka ce abin wani namiji ba zai taɓa bakina ba."

"Tsoho ne fa. Ko haƙori babu." Ya tsinke gashin ya hure. "Wannan ai ba namiji ba ne. Sa."

Ta sa.

Bayan 'yan kwanaki mura ta kama Maikuɗi. Bai kwanta ba. Ya yi ta atishawa cikin takunkumi a kan babur, yana dawowa da shi sharkaf. Murar ta wuce kamar yadda ta zo. Inna Kulu ma ta fara tashi. Ta fito inuwar rumbu, ta nemi tuwo, ta koma yi wa kaji faɗa. Baffa Kabo ya ce a zaure, ɗa nagari ke nan, ya tsaya kan uwarsa har Allah ya tashi kafaɗunta.

A goman ƙarshe Bara'atu ta fara da ciwon kai. Sai zazzaɓi mai zuwa da rana tsaka. Ta ɗauka azumi ne da zafin gari. Ranar nan ta buɗe ƙunshin daddawa za ta sa a miya, ta kai hanci, ba ta ji komai ba. Ta shinshina kanwa, ta shinshina sabulu, ta shinshina hayaƙin murhu. Duk ɗaya. Miyar ranar gishiri ya yi mata yawa, ba ta sani ba sai da Inna Kulu ta ture kwano.

Da la'asar Maikuɗi ya miƙa mata takunkumi. Ta sa ba ta motsa ba.

"Yau ba ki kau da kai ba."

"Ba na jin warin komai, Malam."

Fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Dama sabo ne ya yi miki ƙaranci. Na gaya miki za ki saba da ni."

Ranar ya ci tuwo da miyar gishirin, har da neman ƙari.

Tarin ya zo busasshe. Ba kaki, ba sauƙi. Ta ci gaba da aiki, don ba wanda ya ce ta bari. In tana daka sai ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta tsaya ta dafa turmi. In ta jawo guga ɗaya sai ta zauna a bakin rijiya kamar wadda ta taho da ƙafa daga Gafasa. Takunkumin kuwa bai bar fuskarta ba. A da don kada ta ɗauki na Inna ne. Yanzu Maikuɗi ya ce ita ce mai tari, ta sa kada ta mayar wa Inna. Hanyar dai ba ta canza ba: akwati, bakinsa, kasuwa, sannan ita. In ta ja numfashi sai jiƙaƙƙen ya shige mata baki, ta sa harshe ta turo shi.

Wani hantsi ta zame a gindin turmi. Matar maƙwabci ce ta leƙo ta zana ta gani. Ita ta aika Gafasa aka gaya wa Hussaina, yayar Bara'atu.

Hussaina ta iso kafin azahar, hijabinta duk gumi. Ta shiga ɗaki ta tarar da ƙanwarta a jingine da bango, baki buɗe a bayan takunkumi, kafaɗu na hawa da sauka. Ta fizge abin ta duba. Cikinsa ya yi ruwan ƙasa.

"Wannan na yaushe ne?"

"Na jiya ne, Yaya. Nasa."

"Nasa kamar yaya?"

Bara'atu ta ba ta labari guntu-guntu, kalma biyu ta huta, kalma uku ta huta. Da ta gama ta riƙo gefen hijabin yayarta.

"Kada ki yi faɗa da shi. In kin tafi ni zan zauna da abin."

"Ki yi shiru ki huta."

"Sau ɗaya na sa sabo. Ranar farko, kafin ya dawo." Ta ɗan yi murmushi. "Ƙamshin sabon littafi yake."

Hussaina ta fita ta jira Maikuɗi a tsakar gida. Yana jingine babur ta tare shi.

"Maikuɗi, asibiti na nan bakin titi. Ko a baro a kai ta."

"Sannu da zuwa. Ya mutanen Gafasa?"

"Suna lafiya. Ita ce ba lafiya."

"Na sani. Amma can akwai maza."

"Namiji ɗaya ne, kuma aikinsa ke nan."

"Shi ne ai." Ya sauke murya. "Zai ɗora mata abin nan nasa a ƙirji. Ya ce ta ja numfashi, ta ja. Ya ce ta sauke, ta sauke. Ni ina tsaye kamar turke?"

"Numfashin ma ba ta da shi."

"Gaya zan kai ta. Can akwai nas mata. Bari dai a ga yadda jikin zai yi."

Hussaina ta wuce zaure. Baffa Kabo na zaune yana tufkar igiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Bai daina tufka ba.

"Hussaina, ni na shigo da yaron nan gidan nan. Tun ranar Maikuɗi gaisuwarsa gare ni ta ragu rabi. Ba zan ƙara ba. Kuma namijin da ba ya kishin iyalinsa, kin san sunan da malamai suka ba shi. Kishi addini ne."

"Barin mutum ya mutu fa, Baffa?"

"Ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. A tafasa darbejiya da lemon tsami a yi mata sirace."

Ba ta koma ciki ba. Ta miƙe hanya har bakin titi, ta dawo da Badruddeen a bayanta, jakarsa a kafaɗa. Maikuɗi ya riga su zaure. Ya tsaya a ƙofar ciki, hannu ɗaya a kan dokin ƙofa.

"Salamu alaikum, Maikuɗi."

"Wa alaikumus salam, likita. Inna ta warke. Mun gode."

"Alhamdu lillahi. An ce tana fama da numfashi."

"Wace ce 'tana'?"

Badruddeen ya gyara jakarsa a kafaɗa.

"Iyalinka."

"Iyalina na da mai ita."

"Ba sai na shiga ba. A fito da ita nan zaure, kana tsaye, Baffa na zaune. In sa mata ɗan abin nan a yatsa kawai."

"A yatsa," in ji Maikuɗi. "Wancan karon hannu, yau yatsa."

"To ka ji wannan, don Allah. Yadda yayarta ta kwatanta min, ko na gan ta ba ni da abin da take bukata. Iska za a sa mata, sai babban asibiti. Ka kai ta Gaya yau. Kada a kwana."

"Na ji."

Badruddeen ya kalli Baffa Kabo. Baffa na kallon igiyarsa. Badruddeen ya juya ya tafi.

"Ka ji dai," in ji Hussaina. "Yau."

"Dama yau na yi niyya," in ji Maikuɗi. "Amma ba shi zai sa min rana a kan matata ba. Sai gobe."

Ya shiga ɗaki. Bara'atu na jingine, idanunta a buɗe, suna neman wani abu a rufin ɗaki. Ya tsuguna ya ƙura mata ido.

"Kin ji muryarsa, ko? Na ga kin farka."

Iska take kamawa da baki, kamar kifin da aka jefo kan yashi. Ya ɗauki mafici ya yi mata fifita, a hankali, da kulawa, idonsa bai bar fuskarta ba. Da aka sha ruwa ya yanka kankana ya kai mata baki. Ba ta iya haɗiyewa ba. Ruwan ya bi ta haɓarta, ya sa hannun rigarsa ya goge.

Da gari ya waye leɓenta ya yi baƙi. Maikuɗi ya nemo wata tsohuwar motar haya. Bai yarda direban ya taɓa ta ba. Shi ya ɗauko ta, ya shimfiɗe ta a kujerar baya, kanta a cinyar Hussaina. Sai ya tuna da shinge. Ya zare na haɓarsa ya maƙala mata, ya matse ƙarfen hancin, ya rufe ƙofa, ya shiga gaba kusa da direba. Mota na tashi Hussaina ta cire shi ta jefar ta taga.

Hanyar ba ta da kyau. Direba ya kunna rediyo, ana tafsiri. Maikuɗi na ba shi labarin farashin wake don ya ɗauke hankalinsa daga madubi. A baya Bara'atu ta damƙi zanen yayarta. Hussaina ta sunkuya tana faɗa mata kalmar shahada a kunne. Sun fara hango gidajen farko na Gaya sai damƙar ta saki.

Hussaina ta jira. Ta sa hannu a ƙirjin. Ta ja mayafi ta rufe fuskar.

"Direba, juya."

Ba su ji ba, saboda rediyo. Sai da ta maimaita.

Bayan azahar aka yi jana'iza. Magana ta riga ta zaga gari cewa ciwon zamanin nan ne, korona, saboda haka maza suka tsaya nesa-nesa a ƙofar gida, kowa na jiran wani ya fara matsowa. Maikuɗi ya shiga ɗaki, idanunsa jawur, don ya yi kuka na gaske. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da kwalin. Ko rabi bai yi ba. Ya bi sahu yana raba wa mutane, kowa sabo dal, da ninkinsa. Dattawa suka karɓa suna juyawa, yana nuna musu shuɗin a waje, yana nuna musu yadda ake matse hanci. Wani ya ce yaron nan ya san zamani. Wani ya ce cikin wannan hali ma bai manta da lafiyar jama'a ba, Allah ya ba shi haƙuri.

Badruddeen ya zo, ya tsaya a sahun ƙarshe da nasa takunkumin. Daga ƙofar gida har maƙabarta Maikuɗi bai kalli makara ba kamar yadda ya kalli idon mutumin nan, yana neman ko akwai ruwa a ciki.

Da la'asar Hussaina ta ɗaure kayanta. Ta ce ba za ta yi zaman makoki a gidan ba, a Gafasa za ta karɓi gaisuwa. Inna Kulu na inuwar rumbu tana gaya wa mata yadda ɗanta ya so yarinyar nan, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. Hussaina ta wuce abinta. A bayan rumbu Maikuɗi ya tare ta.

"Yaya Hussaina."

Bai taɓa ce mata yaya ba. Ta tsaya.

"A mota ke ce kusa da ita."

"Ni ce."

"Da za ta cika, ta yi magana?"

"Na laƙƙana mata kalmar shahada. Leɓenta ya motsa."

"Allah ya karɓa. Ba wannan ba." Ya waiga ya tabbata ba kowa. "Ta kira sunan wani?"

Hussaina ta kalle shi.

"Iska take nema, Maikuɗi. Ba ta da numfashin kiran kowa. Ko ni ba ta kira ba."

Ya sauke dogon numfashi, irin wanda matarsa ta kwana tana nema. Kafaɗunsa suka sauka.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Ya koma zaure wurin masu gaisuwa, ya zauna a kan tabarma, ya fara amsa addu'a da murya sake. Baffa Kabo ya dube shi ya juya ga na kusa da shi. Ya ce tunda aka dawo daga maƙabarta sai yanzu ya ga fuskar yaron ta saki. Ya ce wannan shi ake kira tawakkali.